Doguwar Rabawa da Harshen Koyar da Ita a Firamaren Keffi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ginshiƙan lissafi huɗu da ake koya wa yaro a firamare, wato tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, babu wanda ke ba malami da ɗalibi wahala kamar rabawa, musamman irin wadda ake shimfiɗawa a kan allo hawa-hawa, ana ninkawa ana ɗebewa ana sauko da lamba har a kai ƙarshe. Ita ce za a riƙa kira doguwar rabawa a wannan muƙala. Wahalarta tana da dalili. Sauran ukun daga hannun dama ake fara su, ita kuwa daga hagu. Ita kaɗai ce kuma ke neman yaro ya yi ƙiyasi tun kafin ya rubuta komai, sa'annan ya gwada ƙiyasin ya ga ko ya yi daidai. Wanda bai riƙe haddar sau ba, ko ɗebewarsa ke tangal-tangal, a nan asirinsa ke tonuwa.

Duk da haka, ra'ayin wannan muƙala shi ne kaso mai yawa na wahalar daga kalmomin da ake bayani da su yake tasowa. Yaron da ke raba kuɗin cinikin gyaɗa tsakaninsa da 'yan'uwansa ba tare da ya cuci kowa ba, ya riga ya san doguwar rabawa a aikace. Abin da bai sani ba shi ne zanen nan da malam ke yi a allo wancan aikin nasa ne aka rubuta. An ɗauki garin Keffi a matsayin misali domin yanayin harsunansa ya fito da matsalar fili.

2.0 Keffi da harshen aji

Keffi, garin da Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800, yana da nisan kimanin kilomita 50 daga Abuja, kuma yana cikin Jihar Nasarawa tun ƙirƙiro ta a 1996. Tsohon gari ne a harkar ilimin boko. Tun 1949 aka buɗe Kwalejin Gwamnati ta Keffi, inda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi sakandare daga 1965 zuwa 1969, ga kuma Jami'ar Jihar Nasarawa a cikin garin. Amma abin da ya fi shafar batunmu shi ne irin yaran da ke zaune a kan benci ɗaya. A aji guda a kan sami Bahaushe da Bafillace da Bagwandare, ga 'ya'yan Eggon da Mada da Gade da Afo da Yeskwa, ga kuma 'ya'yan ma'aikatan da kusanci da Abuja ya kawo daga sassan ƙasa daban-daban. Da yawansu ba Hausa ce harshen uwarsu ba, amma ita ce harshen kasuwa da tasha da filin wasa. Da ita yaro ke tayawa, da ita yake karɓar canji.

Manufar Ilimi ta Ƙasa tun 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya mamaye muhallinsa, bugun 2004 kuma ya fayyace cewa shekara ukun farko ake nufi, daga aji huɗu a koma Turanci. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita abin zuwa shekara shida, sai kuma a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, aka mayar da Turanci harshen koyarwa. Ba muhawarar wannan mataki ce ta tara mu a nan ba. Abin lura dai shi ne, doguwar rabawa darasin azuzuwan sama ne, daga aji huɗu zuwa shida. Ke nan ko a ƙarƙashin tsohon tsari, darasi mafi tsauri a lissafin firamare yana isowa ne daidai lokacin da ake canza wa yaro harshe. Kaya biyu ake ɗora masa a tashi ɗaya.

Duk abin da takarda ta ce, malamin da ya ga idanun yara sun yi zuru kan juya ya yi bayani da Hausa. Tambaya ita ce wace irin Hausa. Idan fassarar kalmomin littafin Turanci ce kawai, to an canza harshe amma duhun yana nan.

3.0 Doguwar rabawa canji ce

Yadda aka saba, ana haddatar da yara matakai huɗu: raba, ninka, ɗebe, sauko da lamba. Ukun farko suna da ma'ana. Na huɗun kuwa motsin hannun malam kawai yake bayyanawa. Lamba ba ta sauka ko'ina, kuma yaron da ya tambayi dalilin saukowar sau da yawa amsar da yake samu ita ce haka ake yi. A wannan mataki ne fahimta ke yankewa, hadda ta karɓi ragama.

A ɗauki naira 7,452 za a raba wa mutum 6. A ɗauka kuɗin 'yan dubu-dubu ne guda 7, da 'yan ɗari-ɗari 4, da 'yan goma-goma 5, da naira ɗai-ɗai guda 2. Babu mai hankalin da zai fara rabo da ƙananan kuɗi alhali ga manya a hannunsa. Wannan kaɗai ya amsa tambayar me ya sa ake farawa daga hagu. Kowa ya sami 'yar dubu ɗaya, an fitar da 6, saura ɗaya a hannun mai rabo. Takarda ɗaya ba ta rabuwa shida sai an fasa ta. Aka yi canjinta ta zama 'yan ɗari 10, aka haɗa da 4 da ke ajiye, suka zama 14. Kowa ya sami biyu, 12 sun fita, saura 2. Aka fasa su suka zama 'yan goma 20, aka haɗa da 5, ga 25. Kowa huɗu, 24 sun fita, saura ɗaya. Aka fasa ta zuwa naira 10, aka haɗa da 2, ga 12, kowa biyu, hannu ya koma wayam.

Gidan dubu: 7 ÷ 6 = 1, saura 1
Gidan ɗari: 14 ÷ 6 = 2, saura 2
Gidan goma: 25 ÷ 6 = 4, saura 1
Gidan ɗaya: 12 ÷ 6 = 2, ba saura

Rabon kowa naira 1,242 ke nan. A lura da abin da ya faru lokacin da aka rubuta 4 a gefen 1 ta zama 14. Wancan 1 ɗin dubu ce da aka fasa ta zama ɗari goma, 4 ɗin kuma 'yan'uwanta ne da suke jira. Abin da littafi ke kira saukowa, canji ne da haɗawa. Don haka shawarar wannan muƙala ita ce a sauya sunan mataki na huɗu, a riƙa cewa "fasa ka haɗa". Kalmar fasawa ba baƙuwa ba ce. Duk yaron da aka taɓa aika shago da 'yar dubu ya san abin da ake nufi, ko da Eggon ake yi a gidansu.

Haka kuma ya kamata a yi hattara da tambayar nan ta "shida cikin bakwai sau nawa?" Gajeriya ce, shi ya sa malamai ke son ta, amma tana ɓoye cewa bakwai ɗin dubu bakwai ce. A makonnin farko gara a jure wa doguwar tambaya: 'yan dubu bakwai, mutum shida, kowa nawa zai samu? Idan abin ya zauna a kai, sai a gajarta.

Kayan aikin ba su da tsada. Kwali ne za a yanka a rubuta 1,000 da 100 da 10 da 1. Kada a sa 500 da 200 da 50 da 20, duk da cewa su ne ke yawo a kasuwa, domin ba su bin tsarin goma-goma da rubutun lamba ke bi. Naira ɗaya ta daɗe da ɓacewa daga hannun jama'a, amma yara ba su ƙin ta a wasa. Inda kwali ya yi wuya, tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma, da ɗaurin goma goma a matsayin ɗari, yana yin aikin. Kwance ɗauri shi ne fasawa. A fito da yara shida gaban aji, ɗaya ya zama mai rabo, wani ya zama mai canji, malam kuma ya tsaya a allo yana rubuta abin da suke yi mataki-mataki. Muhimmin abu shi ne rubutun ya biyo bayan aikin, kada ya riga shi.

Wannan giɓi tsakanin kasuwa da allo ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A 1985 Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka buga bincikensu a kan yara masu talla a birnin Recife na Burazil, inda suka nuna yaran na warware lissafin ciniki da ka daidai, amma idan aka ba su lambobin nan dai a takarda sai su yi ta kuskure.

4.0 Gidan da ba kowa

Kuskuren da ya fi yawa a doguwar rabawa, kuma ya fi wuyar kamawa, shi ne tsallake sifili a cikin amsa. A raba 4,832 gida 8. 'Yan dubu 4 ba za su zagaya mutum 8 ba, sai a fasa su a haɗa da 8, a sami 'yan ɗari 48. Kowa shida, ba saura. Sai 'yan goma 3. A nan malam kan ce "takwas ba ta shiga uku", ya sauko da 2, a sami 32, kowa huɗu. Yaro ya rubuta 64, alhali amsar 604 ce. Kowane mataki nasa daidai ne, amma ya zaluntar da kowane mai rabo naira 540.

Laifin na kalmar "ba ta shiga" ne. Abin da bai shiga ba, a tunanin yaro, ba a rubuta shi. Amma idan tambayar ita ce kowa ya sami 'yar goma nawa, amsar ita ce babu, kuma babu amsa ce da ke da alamarta. Sifili shi ne shaidar cewa an zo gidan goma an tarar ba kowa. In aka share gidan, sai shida ta taso daga gidan ɗari ta zauna a gidan goma, darajarta ta faɗi.

Akwai kuma dalili na harshe. Muna cewa "ɗari shida da huɗu", ba mu ambaton gidan goma ko kaɗan. Kunnen yaro lamba biyu ya ji, don haka hannunsa lamba biyu yake son rubutawa. Wani kuma ya rubuta 600 cikakkiya ya liƙa mata 4, ta zama 6004. Wannan ba naƙasar Hausa ba ce, domin Turanci ma ba ya furta sifilin. Tazara ce tsakanin faɗa da rubutu da kowane yaro sai ya tsallake ta. Sai dai Hausar ciniki tana da nata gajerun hanyoyi da ya kamata malami ya sani. "Dubu ɗari da ashirin" a bakin ɗan kasuwa 120,000 ce, amma bisa tsarin ƙirga tana iya zama 100,020. A aji gara a ce "dubu ɗari da dubu ashirin" idan ta farko ake nufi. Haka ma "jaka", wadda a Nijeriya naira 200 ce, a Nijar kuwa sefa 1,000. Kalmomi ne masu tarihi, amma ba wurinsu ba ne a darasin da ke kan gidajen lamba.

Maganin tsallake sifili mai sauƙi ne: a san yawan gidajen amsa tun kafin a fara. Takwas sau 100 ita ce 800, takwas sau 1,000 kuma 8,000. Tunda 4,832 tana tsakanin biyun, amsar tana tsakanin 100 da 1,000, wato gida uku gare ta. Sai yaro ya zana akwati uku a saman layi. Wanda ya ƙare aiki da akwati guda a buɗe, ba sai an gaya masa akwai matsala ba. Bayan haka a saba masa da ninka amsa a ga ko ta koma asali. Da ya ninka 64 sau 8 ya ga 512, da kansa zai koma baya.

5.0 Idan masu rabo sun haura goma

Da zarar mai rabawa ya zama lamba mai gida biyu, haddar sau ba ta isa, sai ƙiyasi. A ce littattafan rubutu 8,326 za a raba wa makarantu 23. Babu yaron da ya haddace sau 23, kuma ba a bukatar ya haddace. Abin da ake so shi ne ya gina ɗan jadawali a gefen takarda kafin ya fara: 23, 46, 69, 92, 115, 138, 161, 184, 207. Tarawa ce kawai, kuma idan ya ƙara 23 a kan ta ƙarshe ya ga 230, ya tabbata bai yi tuntuɓe a hanya ba. Daga nan aikin ya koma dubawa. A cikin 83, mafi kusa ba tare da wucewa ba ita ce 69, wato 3, saura 14. A fasa a haɗa, 142, mafi kusa 138, wato 6, saura 4. A fasa a haɗa, 46, wato 2. Kowace makaranta 362.

Wasu malamai na ganin jadawalin ragwanci ne. Ban yarda ba. Yaron da ya gina shi sau da yawa shi ne daga baya ke iya ƙiyasi da ka, domin idonsa ya saba da girman lambobin. Kuma ƙa'idojin ƙiyasi biyu suna da saukin faɗa da harshen rabo. Wanda ya zaɓi 7 a kan 142 ya yi alkawarin 161, abin da ba shi da shi. Wanda ya zaɓi 5 ya fitar da 115 ya bar 27 a hannu, alhali 27 za ta sake zagaya makarantu 23. Saura ba ta kai yawan masu rabo. In ta kai, rabo bai ƙare ba.

Ga yaran da abin ya yi wa nauyi akwai gada: a rubuta lambobin da cikakkiyar darajarsu. Kowace makaranta 300, an fitar da 6,900, saura 1,426. Kowace 60, an fitar da 1,380, saura 46. Kowace 2. A tara, 362. Doguwar rabawa ce dai, ba a ɓoye sifilanta ba.

6.0 Saura, da abin da za a yi da ita

Hausa tana bambanta ayyukan da alamar ÷ ta haɗe wuri ɗaya. Akwai rabawa, inda aka san yawan mutane ana neman rabon kowa, kamar a watanda. Akwai kasawa da aunawa, inda aka san girman kashi ko mudu ana neman guda nawa za su fita, kamar mai tumatir da ke kasa kayanta, ko mai auna riɗi daga buhu. Misalin canji ya fi dacewa da na farko. Amma dole yaro ya haɗu da na biyun, in ba haka ba ranar da aka ce masa ya raba 3 da rabi zai tsaya cak, don ba a raba wa rabin mutum komai. Tambayar a nan ita ce rabi nawa ke cikin uku.

Bambancin ya fi fitowa a kan saura. A raba 75 da 6, a sami 12 saura 3. Idan yadi 75 na atamfa ne ake yanka turmi mai yadi shida, amsar turmi 12 ce, da guntun yadi uku. Idan yara 75 ne kuma kowane benci na ɗaukar shida, amsar benci 13 ce, domin ba za a bar yara uku a tsaye ba. Idan mudu 75 na dawa ne za a raba wa gida shida, kowa mudu 12 da rabi. Lissafi ɗaya, amsa uku. Tambayoyin da ke ƙarewa da "12 saura 3" kawai, ba tare da labari ba, suna hana yaro wannan tunani, kuma shi ne wanda rayuwa za ta fi nema a wurinsa.

7.0 Asalin hanyar, da rabon da muka gada

Ba daga Ingila wannan ilimi ya faro ba. Lambobi goma masu sifili daga Indiya suke. A wajen shekarar 825 Muhammad bn Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafi a kansu a Bagadaza, kuma kalmarmu ta sifili daga Larabci take. A lokacin a kan faifai mai ƙura ake lissafi, ana shafe lamba ana rubuta wata, har sai da al-Uƙlidisi a Dimashƙa, wajen 952, ya nuna yadda za a yi da alƙalami da takarda. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, a garin Bijaya na Aljeriya ya koyo ilimin, ya fitar da littafinsa a 1202. Ƙarnoni da dama Turai tana rabawa da wata hanya da ake soke lambobi ana tara su sama da ƙasa har zanen ya yi kama da jirgin ruwa. Shimfiɗar da muke yi yau ta bayyana a bugu a littafin Filippo Calandri na birnin Florence a 1491. Har yanzu ma ba siffa ɗaya gare ta ba. A makarantun Maraɗi da sauran ƙasashe rainon Faransa, a dama ake rubuta mai rabawa, amsa kuma a ƙarƙashinsa. Malamin da ya sami yaro daga can kada ya ce masa bai iya ba.

Ƙasar Hausa kuwa ta san hisabi tun kafin boko. Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi littafi a kan lissafin hatimi. Amma inda rabawa ta fi zama da gindinta shi ne ilimin rabon gado, wanda ɗaliban Risala ke karantawa a zaure. A duba mas'alar da malamai ke kira Minbariyya: mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Asalin rabon 24 ne. Mata tana da 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. Jimla 27, ta haura asali, don haka da 27 ake rabawa. Idan dukiyar naira 5,400,000 ce, kowane kaso 200,000 ne: mata 600,000, kowace 'ya 1,600,000, uwa da uba 800,000 kowannensu. Sifili guda da aka tsallake a nan haƙƙin maraya ne. A ajin Keffi mai Musulmi da Kirista, malami shi ya san misalin da ya dace da yaransa, amma ya kyautu ya san cewa wannan darasi yana da tushe a garin da yake koyarwa.

8.0 Ga kalkuleta, me ya sa za a wahala?

Tambaya ce ta gaskiya, tunda ko ƙaramar waya tana rabawa. An yi wannan muhawara a Amurka. A 1989 ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasar ta ba da shawarar a rage lokacin da ake ba doguwar rabawa, a 2000 kuma David Klein da James Milgram suka rubuta muƙala suna kare ta. Ingila ta sanya ta a fili cikin darussan aji shida na manhajarta ta 2014. A 2012 Robert Siegler da abokan aikinsa, bayan nazarin bayanan ɗalibai na Amurka da Birtaniya, suka nuna cewa sanin rabawa da ɓangarorin lamba a firamare yana hasashen ƙoƙarin yaro a lissafin sakandare.

Dalilin yana cikin hanyar kanta. A raba 1 da 7. Naira ɗaya ba ta zagaya bakwai, sai a ci gaba da fasawa goma-goma bayan ɗigo. Saura za ta riƙa fitowa 3, 2, 6, 4, 5, sa'annan 1, wato an dawo inda aka fara. Amsar 0.142857 ce tana maimaita kanta har abada. Dole ta maimaita, domin saura ba ta kai bakwai, ke nan iri shida kawai take da su, kuma ba makawa ɗaya ta dawo. Kalkuleta tana nuna lambobi takwas ko goma ta yi shiru, ba ta faɗin wannan dalili. Haka kuma rabawar aljabara da ke jiran ɗalibi a babbar sakandare wannan shimfiɗa ce dai, haruffa suka maye gurbin gidaje. Abin da ya kamata a rage shi ne yawan jibga wa yara lambobi masu gida bakwai da takwas. Misali biyar da yaro ya yi bayaninsu da bakinsa sun fi talatin da ya kwafa.

9.0 Abin da ya shafi manhaja

Jagoran malami da hukumar NERDC ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha za ta tanada yana bukatar tsayayyun kalmomi, domin yanzu kowane malami da nasa. Ana iya farawa da waɗannan: abin rabawa, mai rabawa, rabo, saura, gida, da fasawa. Dukkansu Hausar yau da kullum ce, kuma ko a ajin da Turanci ne harshen koyarwa ba abin da zai hana a ajiye su gefen takwarorinsu. Wurin gwada su shi ne inda ake horar da malamai, kamar Kwalejin Ilimi ta Akwanga da tsangayar ilimi ta jami'ar da ke Keffi, inda za a nemi ɗalibin malanta ya raba 4,832 da 8 a gaban 'yan'uwansa ba tare da ya ce "sauko" ko "ba ta shiga" ba. Wajen duba aiki kuma a ware maki ga ƙiyasin yawan gidaje da ga ninka amsa don tabbatarwa, domin abin da ba shi da maki yara ba su yi.

Sai batun lokaci. Tsarin mako-mako yakan tilasta wa malami shiga darasin ko yara sun shirya ko ba su shirya ba. Kafin a buɗe babin, a yi gwajin minti goma: haddar sau har tara, ɗebewa mai aro kamar 402 a cire 168, da shifta ta lambobi. A shiftar a sa "ɗari shida da huɗu" da "dubu uku da bakwai". Yaron da ya rubuta 604 da 3,007 ya shirya. Wanda ya rubuta 64 ko 30007 a mayar da shi kan kwali da tsinke na mako guda tukuna.